CIWO MAI DAƊEWA: DOMIN MI MASU BINCIKE SUKE ZAMA SU SAURARI MARAS LAFIYA?

Akwai ciwon da yake zuwa ya wuce. Masassarar cizon sauro tana cikinsu. A sha magani kwana 3, mutum ya tashi ya koma gona.

Akwai kuma ciwon da in ya zo, ya zauna ke nan. Hawan jini, wanda ake ce ma tansiyo, yana cikinsu. Haka ciwon sukari, da fuka, da farfaɗiya, da amosanin jini. Allura ɗaya ba ta korar su. Lallaɓa su ake yi, wata da watanni, shekara da shekaru.

Mai irin wannan ciwo yakan ga likita sau ɗaya a wata, ko sau ɗaya cikin wata 3. Ganawar ba ta wuce ƴan mintoci. Sauran kwanakin duka yana gida. A gida ake shan magani, a gida ake barin shi. A gida ake sa gishiri cikin miya. A gida ake shawarar ko za a sayi magani ko za a sayi hatsi. Likita ba ya wurin.

Saboda haka likitan da yake son ya taimaki mutanenshi, tilas ya san abin da yake faruwa bayan sun fita ɗakinshi. Akwai hanyar bincike da anka tsara domin haka.

GIRMAN MATSALAR

A shekarar 2023 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta fitar da rahoto bisa hawan jini. Ta ce a 1990 manya miliyan 650 ne suke da shi a duniya. A 2019 sun kai miliyan 1300. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Cikin mutum 5 masu ciwon, 4 ba su samun kulawar da ta isa.

Tun a 2003 ƙungiyar ta faɗi wani abu. Ko a ƙasashe masu arziki, wajen rabin masu ciwo mai daɗewa ne kaɗai suke shan magani yadda anka ce musu.

Hawan jini yakan zauna cikin jiki shiru, babu wata alama. Awo ne yake nuna shi. In awo yana kai 14 bisa 9 ko ya fi, an sake awo an samu haka, to akwai shi. In an bar shi, yana iya kawo shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko ciwon ƙoda. Magidanci ya kwanta, gona ta zauna babu mai noma ta.

Magani yana nan, kuma yana aiki. To domin mi mutane suke barin shi? Wannan ita ce tambayar.

BINCIKE IRI BIYU NE

Na farko shi ne binciken ƙidaya. Ana auna mutane dubbai. Ana yi ma kowa tambayoyi iri ɗaya, ya ce i ko a'a. Daga baya a yi lissafi. An yi irin wannan a Nijar a 2007 da 2021 bisa hawan jini da ciwon sukari. Shi ne yake faɗin mutum nawa, a ina, maza ko mata.

Na biyu shi ne binciken saurare. A nan mutane kaɗan ake nema, amma a daɗe tare da su. Ana barin su su yi magana da bakinsu. Abin da ake nema shi ne dalili: domin mi, kuma ƙaƙa.

Misali daga gona. Wanda ya ƙirga damma ya san gonar ta ba da dami 40 bana, alhali bara ta ba da 70. Amma lissafi ba ya gaya mashi ko ruwa ne ya yanke, ko tsutsa ce, ko mai gonar ne ya kwanta ciwo lokacin noma. Sai ya zauna da mai gonar ya ji daga bakinshi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Binciken saurare yana da manyan hanyoyi 3.

HANYA TA FARKO: HIRA DA MUTUM ƊAYA

Mai bincike yakan tafi gidan maras lafiya, ko wani wuri da zai saki jiki. Ba ya zuwa da rigar likita. Yakan yi sallama, ya gaida mutane, ya faɗi abin da ya kawo shi. In an yarda, su zauna. Hirar takan kai awa ɗaya. In mutum ya amince, ana ɗaukar maganar da na'ura domin kada a mance kome.

Yadda ake tambaya shi ne babban aiki. Ga misali.

In an ce: “Baba, kana shan maganinka kullum?” tsoho zai ce: “I, ina sha.” Magana ta ƙare. Ba wanda yake son a ga laifinshi.

In kuwa an ce: “Baba, ba ni labarin jiya, tun daga asuba har ka kwanta,” sai labari ya fito. Wataƙila ya fita gona da sassafe, magani yana gida. Wataƙila ƙwayar tana sa shi yawan fitsari, shi kuwa jiya ranar kasuwa ce. Wataƙila ta ƙare tun sati 2, ɗanshi bai aiko kuɗi ba.

Tambaya ta farko tana rufe baki. Ta biyu tana buɗe shi.

Wani likita na Amurka, Arthur Kleinman, da abokan aikinshi 2, sun tsara tambayoyi irin waɗannan a 1978. Ana tambayar mutum sunan da yake kiran ciwon da shi. Mi yake gani ya kawo shi? Domin mi ya fara a lokacin da ya fara? Mi yake yi ma jikinshi? Mi ya fi jin tsoro? Wane irin magani yake gani ya dace? Mai tambaya ba ya gyara ma mutum magana. Ko ya ce iska ce, ko ya ce sammu ne, ko ya ce tunani ne, a rubuta yadda ya faɗa. Abin da mutum ya yarda da shi, shi yake nuna inda zai nemi magani.

HANYA TA BIYU: HIRAR TARO

A nan ana tara mutum 6 zuwa 10 masu ciwo iri ɗaya, ko masu jinyarsu. Mutum ɗaya yana jan hira. Wani yana gefe yana rubutu.

Amfanin taro shi ne magana tana jawo magana. Wata ta ce tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidansu, ba ta iya cewa a rage gishiri saboda ita kaɗai. Sai wata ta ce ita takan ɗebi nata kafin a sa. Ta uku ta ce in ta yi haka, sai a ce tana ware kanta. Cikin minti 10 an ji matsala, an ji dabara, an ji abin da yake hana dabarar aiki.

Amma taro yana da sharaɗi. Ba a haɗa mutum da wanda yake jin nauyi. In suruka tana zaune, matar ɗanta ba za ta buɗe baki ba. In maigari yana wurin, kowa zai bi bayan maganarshi. Shi ya sa akan raba: maza daban, mata daban, samari daban. Ba a kuma sa likitan garin ya ja hirar da za a yi bisa aikinshi.

Abin da ya shafi sirri, kamar raunin da ciwon sukari yake kawo ma namiji wajen iyali, ba a kawo shi cikin taro. Wannan sai hira ta mutum biyu.

HANYA TA UKU: ZAMA A LURA

Abin da mutum yake faɗi da abin da yake yi ba kullum suke zama ɗaya ba. Sau da yawa ba ƙarya ba ce. Abin da anka saba da shi, ba a ganin shi. Saboda haka mai bincike yakan nemi izini ya zauna gidan likita kwana da kwanaki. Yana kallo, yana rubutawa. Awa nawa ake jira? Wa ake fara kira? An ba maras lafiya wurin zama? An bar shi ya gama maganarshi? An bayyana mashi takardar sayen magani? Gani ya kori ji.

An yi irin wannan aiki a ƙasashen Afirka ta Yamma. Masu bincike sun zauna cikin gidajen likita na manyan birane 5: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sunka jagoranci aikin, littafinsu ya fito a 2003. Sun ga cewa sau da yawa ba a tarbar maras lafiya da kyau, ba a yi mashi bayani, kuma wanda ya san wani a ciki ya fi samun kulawa. Sun saurari ma'aikatan su ma, sun ji wahalolin aikinsu. A Yamai akwai cibiyar bincike mai suna LASDEL, wadda anka kafa a 2001. Irin wannan bincike shi ne sana'arta.

Wannan ya shafi mai ciwo mai daɗewa fiye da kowa. Mai masassara sau ɗaya zai zo. Mai hawan jini kuwa ana son ya riƙa dawowa har iyakar rayuwarshi. In an tarbe shi da tsawa, wata mai zuwa ba za a gan shi ba.

MUTUM NAWA AKE TAMBAYA?

Sau da yawa mutum 20 zuwa 40 sun isa. Amma zaɓen su ake yi da hankali. A nemi namiji da mace, tsoho da yaro, na kusa da gidan likita da na nesa, mai hali da maras hali. A nemi wanda yake shan magani. A nemi kuma wanda ya bari, domin shi ne ya fi kowa sanin dalilin bari. Wannan ba a samun shi a layin gidan likita. Sai an bi shi gida.

Yaushe ake tsayawa? Sa'ad da sabuwar hira ta daina kawo sabon abu. Kamar tulu ne: in ya cika, ruwan da anka ƙara zuba yake yi. Wasu malamai 2 na Amurka, Glaser da Strauss, su sunka bayyana wannan ƙa'ida a 1967.

ƘAƘA AKE TACE MAGANGANUN?

Bayan hira, aiki mai wuya yake farawa.

1. Ana rubuta duk abin da anka faɗa, kalma bayan kalma. Hirar awa ɗaya takan ci awa da yawa wajen rubutu.

2. Ana cire suna da duk abin da zai sa a gane mai magana.

3. Ana karantawa sau da yawa. Kowace magana a sa mata alama: wannan ta kuɗi ce, wannan ta tsoron magani ce, wannan ta abinci ce, wannan ta tarbar likita ce.

4. Ana tara masu alama ɗaya wuri ɗaya, kamar yadda mace take tsince wake daban, gujiya daban, tsakuwa daban.

5. Ana neman maganar da ta saɓa ma sauran. Ba a jefar da ita. In mutum 25 sun bar magani saboda tsada, amma wani talaka bai taɓa bari ba, to a koma gare shi a ji ƙaƙa yake yi.

In an yi hira da Hausa, za a rubuta rahoto da Faransanci, sai an yi hattara. Kalma kamar “zafi” ko “sanyi” ko “iska” tana da ma'ana fiye da ɗaya a bakin maras lafiya. Mai fassara ya yi kuskure, bincike duka ya karkace.

Tukunya ba ta zama bisa dutse ɗaya, sai uku. Haka mai bincike yake gwama abin da maras lafiya ya ce, da abin da likita ya ce, da abin da idonshi ya gani. Akan sa mutum 2 su tace hira ɗaya, kowa shi kaɗai, sa'annan su gwada. Wani lokaci akan koma wurin mutanen a karanta musu abin da anka fahimta, su ce haka ne ko ba haka ba ne.

MI ANKA GANO DA WANNAN HANYA?

A Ingila kowane mutum yana da likitan unguwa, wanda yake fara gani kome ciwonshi. Shi ne yake riƙe da mafi yawan masu hawan jini da ciwon sukari. Aikinshi ya yi kama da na ma'aikacin gidan likita na karkara.

A shekarar 2000 wata jaridar likitocin Ingila mai suna BMJ ta buga aikin Christine Barry da Nicky Britten da abokansu. Sun bi marasa lafiya 35 da likitocin unguwa 20. Sun yi hira da kowane maras lafiya kafin ya shiga. Sun ɗauki maganar da anka yi cikin ɗaki. Bayan an fito, sun sake hira da maras lafiya, sun yi da likita.

Cikin mutum 35, mutum 4 kaɗai sunka faɗa ma likita duk abin da sunka zo da shi. Sauran sun koma gida da wata magana a ciki. Wani yana tsoron ciwon babba ne, bai tambaya ba. Wani magani yana damun shi, bai faɗa ba. Wani ba ya son a rubuta mashi magani, ya karɓi takardar ya yi shiru. Abin da ya biyo baya shi ne rashin fahimta, da maganin da ba a saya ba, da wanda anka saya ba a sha ba.

A 2012 jaridar ta buga wani aiki. Iain Marshall da abokanshi 2 sun tattara bincike 53 irin na saurare bisa hawan jini, daga ƙasashe 16. Cikinsu akwai Amurka, Ingila, Barazil, Tailan, Gana da Tanzaniya. Sun tarar mutane da yawa suna ganin damuwa ce take kawo ciwon. Suna ganin ciwon kai da jiri su ne alamarshi. In kai ya daina ciwo, ko damuwa ta wuce, sai su ce sun warke, su rage magani ko su bari, ba tare da sun gaya ma likita ba. Da yawa suna tsoron illar magani, suna tsoron jiki ya saba da shi. Wasu kuma kuɗi ne ya hana su, ko mantuwa, ko rashin lokaci.

Abin lura shi ne, wannan tunani kusan iri ɗaya ne a ƙasashen duka. Ba na wata ƙabila ba ne. Mai kuɗi da talaka, Bature da baƙin mutum, duka sun faɗi haka.

Tun a 1985 wani malami na Amurka, Peter Conrad, ya ba da labarin hira da masu farfaɗiya 80. Da yawa suna ragewa ko su tsayar da magani da gangan. Wasu suna gwaji ne su gani ko ciwon yana nan. Wasu ba su son a gan su da ƙwaya a san ciwonsu. A idon likita, rashin biyayya ne. A idonsu, ƙoƙari ne na riƙe ragamar rayuwarsu.

INA IYAKAR WANNAN BINCIKE?

Hira da mutum 30 ba ta faɗin mutum nawa ne cikin ƙasa sunka bar magani. Wannan aikin ƙidaya ne. Ba ta kuma faɗin ko wani magani yana aiki. Wannan sai gwajin likitoci.

Abin da anka ji a Landan ba lalle ya zama haka a Tawa ko Damagaram ba. Yana nuna inda za a duba ne. Kowane wuri sai an saurari mutanenshi.

Mutane kuma sukan faɗa ma baƙo abin da suke jin zai so. Wasu sukan ƙara ma wahalarsu gishiri, suna zaton taimako zai biyo baya. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai ba ya gaggawa, kuma yakan faɗa tun farko cewa bai zo da magani ko kuɗi ba.

Ƙidaya da saurare abokan aiki ne. Ɗaya yana nuna girman rami. Ɗaya yana nuna abin da ya gina shi.

MI LIKITA ZAI YI DA SHI?

Likitan da ya san waɗannan abubuwa yakan sake yadda yake magana.

Yakan bar maras lafiya ya gama maganarshi kafin ya ɗauki alƙalami.

Yakan tambaya: “Inna, akwai sauran abin da kike son ki faɗa?”

Yakan bayyana cewa rashin ciwon kai ba shi ne warkewa ba. Awo ya sauka ne domin ana shan magani. In an bari, zai sake hawa.

Yakan tambayi abin da maganin yake yi ma mutum. In yana damun shi, akwai wani iri da za a iya sauya mashi.

Yakan kira mai dafa abincin gidan a yi bayanin gishiri tare da ita. OMS ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙulen miya.

Yakan yi shawara da mai ciwon sukari tun kafin watan azumi ya kama.

Duk waɗannan ba su bukatar sabon gini ko sabuwar na'ura.

HAƘƘIN WANDA ANKA ZO TAMBAYA

Wata rana mai bincike yana iya sallama a ƙofar gida. Ya kamata kowa ya san haƙƙinshi.

1. Sai an gaya mashi wa ya aiko, kuma mi za a yi da maganarshi.

2. Yana da iko ya ce a'a. Izinin maigari ba ya maye gurbin yardar mutum da kanshi. Mace ma sai an nemi yardarta.

3. Yana iya ƙin amsa wata tambaya. Yana iya tsayar da hira duk sa'ad da ya so.

4. Ba a ɗaukar muryarshi ko hotonshi sai ya yarda.

5. Ba a kai sunanshi wurin likita ko wurin hukuma.

6. Ƙin yarda ba ya hana shi samun magani.

A Nijar akwai kwamitin ƙasa mai duba binciken da ya shafi lafiya kafin a fara shi. Mutum yana iya cewa a nuna mashi takardar izini.

Wanda ya yarda kuwa, ya faɗi gaskiya. In ya bar magani, ya ce ya bari, ya faɗi dalili. In yana haɗawa da sassaƙe ko rubutu, ya faɗa. Ba hukunci anka zo yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

ABIN TUNAWA

Ciwo mai daɗewa a gida ake jinyarshi. Likita ya san ciwon. Maras lafiya ya san zama da shi. Sai an haɗa sanin biyu magani yake amfani.

Ba sai mai bincike ya zo ba. Duk mai hawan jini ko ciwon sukari da zai tafi gidan likita, ya shirya maganarshi tun daga gida. Ya tafi da kwalin maganinshi. Ya faɗi abin da yake tsoro. Ya faɗi ranar da bai sha ba. Abin da bai gane ba, ya sake tambaya. Kada ya tsayar da magani sai ya yi shawara da likita. Matambayi ba ya ɓata.